Kwarin Rayin: Makarantar da Baƙi Ke Wucewa Ba Su Shiga

Masu iya magana sun ce tafiya mabuɗin ilimi, sai dai ƙofar ba ta buɗuwa sai ga mai tambaya. Kowace shekara ɗimbin baƙi kan kwarara zuwa kwarin kogin Rayin, inda Faransa da Jamus suka yi iyaka, su ɗauki hoton majami'ar Sitirasbog mai hasumiyar mita 142 wadda aka kammala a 1439, sannan su juya. Wannan asara ce, domin babban abin kallon shi ne kwarin kansa.

Da farko dai, ba ruwa ne ya haƙa shi ba. Miliyoyin shekaru da suka shige ɓawon ƙasa ya tsage, tsakiyarsa ta lotsa har tsawon kimanin kilomita 300, gefunan kuma suka zama duwatsun Boj a yamma da na Baƙin Daji a gabas.

Miƙewar kogin ma aikin hannu ne. Tun daga 1817 aka soma datse lanƙwashe-lanƙwashensa bisa tsarin injiniya Johann Tulla. Fadamu suka koma gonaki, zazzaɓin cizon sauro ya ragu, amma ruwan ya ƙara gudu, haɗarin ambaliya ya ƙaru a garuruwan gangare. A 1986 kuwa, gobara a ma'ajiyar sinadarai ta kamfanin Sandoz, kusa da Basel a Suwizalan, ta sa guba ta malala cikin kogin, kifaye suka mutu bila adadin. Tilas ƙasashen da ke gaɓarsa suka haɗa kai wajen tsabtace shi, domin guba ba ta neman biza.

Wani zai ce mai hutu ba ɗalibi ba ne, a bar shi ya sha iska. To, amma sani ba ya rage daɗin kallo, ƙara shi yake yi. Wanda ya san cewa yankin Alzas ya sauya hannu tsakanin ƙasashen biyu a 1871 da 1919 da 1940 da 1945, shi ne zai gane darajar ƙaramin jirgin ƙasan da ke ƙetara gada daga Sitirasbog zuwa Kehl tun 2017.

Saboda haka ya kamata malamai su horar da ɗalibai bisa tambayoyi uku a duk inda suka je: me ya samar da wurin, me mutum ya sauya, wa ya ɗauki hasarar? Ɗalibin da ya yi su a bakin Komadugu Yobe, wadda ita ma iyakar ƙasashe biyu ce, ba zai tsaya a gaban Rayin yana kallo kawai ba.