Iska Biyu: Zafin Bazara, Ƙurar Hunturu da Ciwon Taɓin Hankali a Ƙasar Zamfara

Idan Bahaushe ya ce iska ta taɓa wane, ba wadda ke kaɗa ganyen itace yake nufi ba. Yana nufin mutanen ɓoye, waɗanda ake kamawa da girka ko turare ko ruƙiyya. A Galadi da Shinkafi da Zurmi, har zuwa Ƙaura Namoda, wannan ita ce fassarar farko da akan yi wa duk wanda ya fara sambatu ko ya daina barci. To, ilmin likitanci na zamani ya zo da wani bayani wanda ya faɗo daidai kan wannan kalma, wato cewa iskar da ake shaƙa da hanci, da zafin da take ɗauke da shi, suna da hannu wajen tayar da ciwon taɓin hankali da kuma yawan masu kwanciya asibiti saboda shi. Ya kamata a ɗauki maganar da muhimmanci a arewacin Zamfara fiye da ƙasashen da aka yi binciken a cikinsu.

Harshen Hausa kansa ya riga likita sanin dangantakar zafi da hankali. Ana cewa mutum yana da zafin kai, ko ya ɗauki zafi, ko zuciyarsa ta tafasa. Idan kuwa ya natsu sai a ce ransa ya yi sanyi. Abin da masu bincike suka ƙara shi ne ƙidaya. A shekarar 2022 aka buga wani nazari a mujallar JAMA Psychiatry, wanda ya duba zuwan mutane fiye da miliyan 2 sashen gaggawa na asibitocin Amurka tsakanin 2010 da 2019. An tarar cewa a ranakun da suka fi tsananin zafi, masu zuwa saboda larurar ƙwaƙwalwa sukan ƙaru da kashi 8 cikin ɗari. Haka kuma a ƙarshen watan Yuni na 2021, lokacin da zafi ya kai digiri 49.6 a garin Lytton na ƙasar Kanada, mutum 619 suka rasu a lardin Biritish Kolombiya, masu ciwon hauka mai tsanani kuwa suna cikin waɗanda mutuwar ta fi ɗiba, nesa da gwargwadon yawansu a cikin jama'a.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Zafi yana hana barci, rashin barci kuwa yana cikin manyan abubuwan da ke dawo da ciwo ga wanda ya samu sauƙi. Bugu da ƙari, wasu daga cikin magungunan da ake bai wa masu taɓin hankali, irin su Largactil, suna rage gumi, suna kuma raunana yadda jiki ke sanyaya kansa. Wanda ke shan lithium, idan ruwan jikinsa ya ƙare, maganin yakan taru a jini har ya zama dafi. Ga shi kuma marar lafiyar ba lalle ne ya ce yana jin ƙishirwa ba. Sai mai karatu ya auna wannan da bazarar ƙasar Sakkwato da Zamfara, inda a watannin Afrilu da Mayu zafi kan wuce digiri 40, ɗakin kwano ya zama tanda, wutar lantarki ba ta tsayawa, wanda ciwonsa ya tashi kuma akan kulle shi a ɗaki, wani ma a sa shi a mari. Abin da ya zo wa Kanada a matsayin bala'i na mako guda, a nan bai yi nisa da abin da ake gani kowace shekara ba.

Sai batun ƙura da hayaƙi. Masana na Kwalejin King's ta Landan sun bi diddigin marasa lafiya kusan 14,000 a kudancin birnin, suka buga sakamakon a 2021. Sun ga cewa waɗanda ke zaune a unguwannin da hayaƙin motoci ya fi yawa sun fi komawa asibiti, sun kuma fi daɗewa a kwance. Bayanin da ake bayarwa shi ne, ƙananan ƙwayoyin ƙura da ido ba ya gani suna ratsa huhu su shiga jini, su jawo kumburi wanda ke isa har ƙwaƙwalwa. Gaskiya ne Galadi ba Landan ba ce, babu cunkoson motoci irin nata. Amma tana da nata kason: hazon hunturu da ke tasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi ya rufe sama daga Disamba zuwa Fabrairu, da hayaƙin itace da kara wanda mata ke shaƙa a madafi safe da yamma, da ƙunar daji bayan kaka, da janareta a bakin shago. Mutanen wannan yanki kuwa ba baƙi ba ne ga ɓarnar ƙura. Annobar sanƙarau da ta kashe fiye da mutum 1,000 a Nijeriya a 2017, a ƙaramar hukumar Zurmi ta fara a ƙarshen 2016, cikin lokacin busasshiyar iska. A 2010 kuma ƙurar dalma daga niƙan dutsen zinariya ta kashe yara fiye da 400 a Anka da Bukkuyum, ta bar wasu da naƙasar ƙwaƙwalwa. Wanda ya yarda ƙura na iya kai cuta ga lulluɓin ƙwaƙwalwa, ba shi da hujjar musun cewa tana iya taɓa hankali.

Wani zai ce, in haka ne, me ya sa ba a ga asibitoci sun cika da masu taɓin hankali daga ƙauyukan nan duk bazara ba? Amsar tana kan hanya. Asibitin ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya da ya fi kusa yana Kware, kusa da Sakkwato. Daga Shinkafi zuwa Gusau ya fi kilomita 100, a kan hanyar da 'yan bindiga suka sa matafiya fargaba shekara da shekaru. Likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar da ke da mutum fiye da miliyan 200 ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba, galibinsu kuma suna manyan birane. Saboda haka mai ciwo a Galadi yakan fara da boka ko malami, ya ƙare a wurinsu. Sai wanda ya gagara, kuma danginsa ke da kuɗin mota, shi ne sunansa ke shiga littafin asibiti. A Amurka littafin asibiti madubin ciwo ne. A nan kuwa ya fi zama madubin aljihu da lafiyar hanya, kuma duk jami'in da ya dube shi ya ce babu matsala ya yaudari kansa.

Duk da haka littafin ba abin yarwa ba ne. Asibitin Kware da Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau suna rubuta ranar da aka karɓi kowane marar lafiya da garin da ya fito. Hukumar kula da yanayi ta NiMet tana rubuta zafi da hazo a Sakkwato da Gusau. Jera waɗannan biyu wata bi wata ba ya bukatar na'ura mai tsada, aikin kundin digiri ne, wanda ɗalibin Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko ta Tarayya da ke Gusau zai iya yi. Dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta amince cewa mai wannan ciwo yana da haƙƙi kamar kowane marar lafiya, amma doka ba ta iya tanadin gado ko magani a watan da ba a san ana bukatarsu ba.

A nan ne aikin ya faɗo kan manazarta Hausa. Likita ya san magani, amma sau da yawa ba shi da kalmar da tsohuwa a Zurmi za ta karɓa ba tare da ta ji an raina abin da ta gada ba. Ba a bukatar jayayya da ita kan iskoki kafin a gaya mata abin da zai ceci ɗanta. Farfesa Adeoye Lambo ya nuna haka tun 1954 a ƙauyen Aro na Abekuta, inda ya yi aiki tare da masu maganin gargajiya da iyalan marasa lafiya. Saƙon da ake so ya isa gidajen rediyo da masallatai da wurin masu ruƙiyya kafin watan Maris gajere ne: a riƙa bai wa mai ciwo ruwa ko bai nema ba, a fitar da shi daga ɗakin kwano zuwa inuwa da rana, a raba shi da hayaƙin murhu, kada a yanke masa magani ba da sanin likita ba, idan kuma ya kwana biyu bai runtsa ba, ko jikinsa ya yi zafi babu gumi, a nemi mota tun kafin ya fara duka.