Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

Da yawa cikin 'yan'uwanmu mazauna Agege da unguwar Sabo ta Ibadan sun soma kiwon kajin Turawa a gidajensu. Wannan abin yabo ne. Sai dai akwai masu sayo 'yan tsaki tukuna, sa'an nan su shiga neman inda za su zuba su, wai ai Kurmi ba sanyi. Kafin mako guda kuɗin guminsu ya bi ruwa.

Ɗan tsakon da inji ya ƙyanƙyashe maraya ne, ba shi da fiffiken uwa, jikinsa kuwa bai iya riƙe ɗumi ba. Saboda haka, tun ana gobe za su iso, a kewaye wuri da kwali, a yi shi da'ira don kada su danne juna a lungu. A shimfiɗa busasshiyar dusar katako, a kunna fitila ko kaskon gawayi, amma a bar kafar iska, gama hayaƙin gawayi kisa yake yi. A makon farko suna bukatar zafi wajen digiri 33, a riƙa rage 3 kowane mako. In sun cure gindin wuta suna kuka, sanyi ne. In sun guje ta suna haki, zafi ya yi yawa. Da isowarsu a fara ba su ruwa, kana abinci.

Jama'a, wanda bai tanadi wannan ba, ya riƙe kuɗinsa tukuna.