Tara Bai Cika Goma Ba: Gasar Ɗaliban Amurka Da Tambayar Da Ta Bar Mana

A zangon karatu na 2024 zuwa 2025, Ƙungiyar Iyaye da Malamai ta ƙasar Amurka ta ɗora gasarta ta fasahar ɗalibai, wadda ake kira Reflections, a kan wani take da ya ja hankalina, wanda ma'anarsa ita ce mutum ya yarda da rashin cikarsa. Wato an nemi yara, tun daga 'yan rainon yara har zuwa 'yan ajin ƙarshe na sakandare, kowa ya dubi inda ya gaza ko inda halitta ta rage masa, ya mai da shi zane ko waƙa ko labari ko hoto ko fim ko rawa. Da farko dariya abin ya ba ni, domin na ce a raina mu da muka taso muna jin cewa ɗan Adam tara yake bai cika goma ba, wane ne zai shirya mana gasa a kan haka? Da na ƙara tunani sai dariyar ta ragu.

Ga wanda bai san gasar ba, ba sabuwa ba ce. Wata mata mai suna Mary Lou Anderson, shugabar reshen ƙungiyar na Jihar Kolorado, ita ta assasa ta a 1969, kuma ƙungiyar kan ce yara sama da dubu 300 ke shiga kowace shekara. Aiki kan fara daga makaranta, ya haura zuwa gunduma da jiha, sannan matakin ƙasa. Akwai rukuni na musamman domin yara masu nakasa. Abin da ya fi burge ni shi ne, taken kowace shekara ba manya ke zama su ƙaga shi ba, daga cikin shawarwarin da ɗalibai suka aiko ake zaɓarsa. Ke nan yaro ne ya dubi 'yan uwansa yara ya ga cewa abin da ke damunsu ke nan.

Kuma bai yi ƙarya ba. Wasu masana halayyar ɗan Adam biyu daga Ingila, Thomas Curran da Andrew Hill, sun tattara bayanan ɗaliban jami'a fiye da dubu 40 na Amurka da Kanada da Birtaniya daga 1989 zuwa 2016, suka tarar cewa jin da matashi ke yi cewa jama'a ba za su karɓe shi ba sai ya zama marar aibi ya ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin uku. A watan Satumba na 2021 kuma jaridar Wall Street Journal ta fallasa wani bincike na cikin gida na kamfanin Facebook, inda kashi 32 cikin 100 na 'yan mata matasa suka ce idan suna jin haushin surar jikinsu, Instagram ƙara musu yake yi. Hasali ma a 2023 sai da babban likitan gwamnatin Amurka na lokacin, Vivek Murthy, ya fitar da gargaɗi a hukumance game da illar kafofin sada zumunta ga lafiyar ƙwaƙwalwar yara. Yarinyar da ke kwana tana kwatanta fuskarta da fuskokin da na'ura ta goge, ba abin mamaki ba ne idan ta ji daɗin wanda ya ce mata ta zana tabon da ke goshinta.

To amma akwai abin da ya tsaya mini a wuya, kuma ba zan ɓoye shi ba. Gasa dai gasa ce. A ƙarshe wasu za su karɓi lambar yabo, dubbai su koma gida hannu rabbana. Yaya za ka ce wa yaro ya yarda da gazawarsa, sannan ka jera gazawar tasa da ta wasu ka ce ta wane ta fi kyau? Akwai haɗarin yara masu wayo su koyi sayar da rauninsu, kowa ya nemo wani ciwo ya yi masa kwalliya saboda alƙalai. Wannan ma wani salon ƙarya ne, kuma bai fi na Instagram tsafta ba.

Abin da ya rage mini wannan damuwa shi ne yadda ake yanke hukunci. A ƙa'idar gasar, yadda yaro ya fahimci take ya kuma fassara shi ya fi gwanintar hannu nauyi a wurin alƙalai, kuma dole kowane aiki ya zo da 'yan jimlolin da yaron ya bayyana abin da yake nufi. Saboda haka zane mai karkataccen layi da ke ɗauke da tunanin mai shi yana iya doke zane mai santsi wanda babu kowa a cikinsa. A zamanin da kwamfuta ke iya fitar da hoto marar kuskure cikin daƙiƙa kaɗan, ina ganin wannan ma'auni ya fi dacewa yanzu fiye da yadda ya dace a 1969.

Sai dai ina da sharaɗi guda, wanda idan babu shi taken zai zama guba. Tawaya iri biyu ce. Akwai wadda yaro bai da hannu a cikinta, kamar in'ina da gajarta da makanta da zabiyanci da jinkirin fahimta. Akwai kuma wadda ta fito daga sakaci, kamar ƙiwa da ƙarya da rashin kammala aiki. Ta farko ita ake yarda da ita a ci gaba da rayuwa, ta biyu kuwa yarda da ita na nufin amsa laifi domin a gyara. Malamin da ya haɗa su biyun ya ce wa yara duk yadda kuke daidai ne, ya cuce su. Marigayi Aliyu Namangi na Zariya makaho ne, bai kuma ɓoye makantarsa ba, amma duk wanda ya san Imfiraji ya san cewa bai taɓa mai da ita hujjar sakin baiti ba ƙafiya.

A nan ne abin ya zo kusa da gida. Muna da karin maganar, amma ba ma aiki da ita a aji. Lokacin da nake firamare akwai wani yaro a ajinmu mai in'ina, wanda duk ranar da aka ce ya tashi ya yi karatu sai aji ya kece da dariya, malami kuma ya ce masa ya zauna kada ya cinye mana lokaci. Ni ma ina cikin masu dariyar. Yaron ya fi mu duka iya zane, bayan littafinsa cike yake da dawaki da motocin haya, amma babu wanda ya taɓa tambayarsa ya nuna. Kafin mu kai aji shida ya daina ɗaga hannu, daga baya ya daina zuwa. Ga kuma bahagon da ake bugun hannunsa har rubutun ya gagare shi da kowane hannu.

Mu kuma da muka yi boko muka kai 'ya'yanmu makarantun kuɗi, namu salon ya sha bamban amma tushen ɗaya ne. Yaro ya zo na biyar, tambayar farko ita ce su wane ne huɗun da suka wuce ka. A ba shi aikin gida na zane ko ƙira, uwa ta zauna ta yi masa, ko a kai wa mai zanen allon shago a biya, a kawo makaranta kowa ya yi tafi alhali kowa ya san gaskiya. Yaron da aka koya wa tun yana shekara bakwai cewa aikin hannunsa abin kunya ne, don me za mu yi mamaki idan ya kai sakandare ya nemi a saya masa amsar jarrabawa?

Ba ina cewa mu kwafo gasar Amurka ba ne, kuma gasa ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Gasar da Rupert East ya shirya a 1933 ce ta fito da Ruwan Bagaja, lokacin Abubakar Imam yana matashin malami a Katsina. Abin da nake tambaya ya fi wannan sauƙi. Kusan kowace makaranta a Arewa tana da ƙungiyar iyaye da malamai, kuma a yawancin tarurrukan da na halarta batun kuɗin ƙungiya da gyaran katanga ne ke cinye zaman. Me zai hana sau ɗaya a shekara a bar yara su zaɓi take da kansu, a ba su takarda da fensir a cikin aji inda hannun iyaye ba zai kai ba, a kuma gayyato alƙalai daga wajen makarantar waɗanda ba su san ɗan wane ba ne? Kuɗin da za a kashe bai kai na lemo da rumfar da ake haya ranar rabon kyaututtuka ba. Na riga na rubuta wa shugaban tamu ƙungiyar a saka maganar a ajandar taro mai zuwa, kafin a kai ga batun katanga.