GARKE KAFIN 'YA'YA: DARASI DAGA SHARHIN ATTAURA DA ABIN DA MUKE YI A BAKIN RUWAN YAURI

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, dalilin wannan rubutu shi ne wata magana da ta fito daga bakina a ajin manya na Islamiyyarmu, wadda ta jawo mini zargi. Muna karatu a kan abubuwa biyar da shari'a ta zo domin kiyaye su, sai na kawo wa ɗalibai misali daga sharhin wani malamin Yahudawa a kan Attaura. Bayan sallar isha'i wani dattijo da nake ganin girmansa ya tare ni a ƙofar masallaci ya ce: “Malam, littattafanmu ne suka ƙare da za ka koma ɗebo wa yara na Yahudu?” Na ce: “Baba, a yi mini haƙuri, dare ya yi, amma zan kawo bayani.” To ga bayanin, kuma ina roƙon mai karatu ya kai ƙarshe kafin ya yanke mini hukunci.

Ga abin da na faɗa wa ɗalibai. A sura ta 32 ta Littafin Ƙidaya, ɗaya daga cikin littattafai biyar da Yahudawa ke kira Attaura, an ba da labarin ƙabilu biyu na Banu Isra'ila, wato Ra'ubainu da Gad, waɗanda suke da dabbobi masu ɗimbin yawa. Da suka iso gabashin kogin Urdun suka ga makiyaya mai kyau, sai suka roƙi Annabi Musa (AS) ya bar su nan kada su haye. Ya yi musu faɗa a kan za su zauna 'yan'uwansu su tafi yaƙi. Sai suka yi alkawarin za su shiga gaban rundunar, amma kafin nan za su gina wa dabbobinsu garke, su kuma gina wa ƙananan yaransu garuruwa. Haka suka jera maganar a aya ta 16, dabbobi a gaba, yara a baya. Da Annabi Musa ya zo amsa musu a aya ta 24, sai ya juya jerin, ya fara ambaton garuruwan yara sannan garken tumaki.

Mai karatu da sauri ba zai lura da komai ba a nan. Amma wani malaminsu da ake kira Rashi, wanda ya rayu a garin Troyes na ƙasar Faransa daga 1040 zuwa 1105, kuma har yau da sharhinsa yaransu ke fara karatu, ya tsaya a kan wannan juyi. Ma'anar abin da ya ce ita ce, mutanen nan sun fi tausayin dukiyarsu a kan 'ya'yansu, shi ya sa harshensu ya riga ambaton ta, kuma Annabi Musa ya gyara musu ne don su mayar da asali a matsayin asali, reshe a matsayin reshe. A lura, ba su ce za su bar yaran a daji ba. Sun yi niyyar kare duka biyun. Laifinsu yana cikin jeri kawai, kuma sun yi shi ne a daidai lokacin da yaƙi ke gabansu.

Shin ya halatta in kawo wannan? Imamul Bukhari ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Amru cewa Manzon Allah (SAW) ya yi izinin ba da labari daga Banu Isra'ila, ya kuma ruwaito daga Abu Huraira hanin gaskata Ahlul Kitabi ko ƙaryata su a abin da ba mu da ilimi a kansa. Ibnu Kasir, a gabatarwar tafsirinsa, ya kasa Isra'iliyyat kashi uku: wanda shari'armu ta gaskata, wanda ta ƙaryata, da wanda ta yi shiru a kansa. Ban ce wa kowa lafazin labarin nan wahayi ne tsararre ba, kuma ban gina hukunci a kansa ba. Amma ma'anarsa, cewa rai yana gaba da dukiya, tana cikin kashin farko, domin haka Imamul Gazali ya jera su a Almustasfa, Imamus Shaɗibi ma ya faɗaɗa bayaninsu a Almuwafaƙat: addini, da rai, da hankali, da zuriya, da dukiya, kuma dukiyar ce ta biyar. Abin da ya sa na ɗauko misalin daga waje shi ne, ɗalibaina sun haddace wannan jeri kamar karatun allo har ya daina taɓa zukatansu. Na so su ji kunya kaɗan, irin kunyar da mutum kan ji idan baƙo ya nuna masa kayan gidansu da ya manta da su.

Yanzu bari mu sauko bakin ruwa, inda zancen yake.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a tashar jirage ranar kasuwa, a Yauri ko Wara ko garuruwan da ke gefen tafkin Kainji, ya san yadda ake lodi. Buhunan shinkafa da masara da albasa su ake fara jerawa a ƙasa. Sai babura. Sai awaki da kwandunan kifi. Idan kaya sun samu wuri, sannan a ce mutane su hau, mata da goyo su zauna a kan buhuna, yara a cusa su duk inda aka ga rata. Na san mai jirgi zai ce nauyi dole ya zauna a ƙasa don jirgi ya daidaita, kuma gaskiyarsa. Tambayata ita ce, a lokacin da ruwa ya kusa taɓa leɓen jirgi, wa ake saukewa? Ni dai ban taɓa ganin an sauke buhu ba. Sai dai a ce, ku matsa, saura mutum biyar.

Wata rana da damina na je zan haye ta'aziyya, na ga tsakanin ruwa da bakin jirgi bai wuce taƙi ɗaya ba, kuma ana ƙoƙarin ɗora wani babur. Na ce wa mai jirgin ya rage kaya ko in sauka. Wani fasinja ya dube ni ya yi dariya ya ce: “Haba Malam, kai da ke koya mana imani da ƙaddara? In kwana ya ƙare ko a kan gado ne sai ka tafi.” Jama'a suka yi dariya, ni kuwa na sauka, suka tafi, suka kuma isa lafiya. Na san har yau idan ya ba da labarin, ni ne matsoracin.

To amma ranar 26 ga Mayu, 2021, wani jirgi ya taso daga Lokon Minna a Jihar Neja zuwa Wara a Ƙaramar Hukumar Ngaski, da mutane fiye da 150, kuma rahotannin lokacin sun ambaci babura da buhuna masu nauyi a cikinsa. Ya tarwatse a tsakiyar ruwa. Waɗanda aka ceto da rai ba su kai 30 ba, aka yi kwanaki ana tsamo gawawwaki. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. A watan Oktoba na 2023 wani jirgin ya sake kifewa da 'yan kasuwa a hanyarsu ta zuwa Yauri. A kowane karo mun yi jana'iza, mun yi addu'a, mun ce ajali ne, ranar kasuwa ta zagayo muka koma lodi kamar yadda muka saba.

Wallahi ajali gaskiya ne, wanda ya yi shakkar ƙaddara ya san inda ya dosa. Amma wa ya gaya mana cewa imani da ƙaddara yana ɗauke alhaki daga wuyan wanda ya yi ganganci? Idan haka ne, don me shari'a ta wajabta diyya da kaffara a kan kisan kuskure, a aya ta 92 ta Suratun Nisa'i, alhali shi ma mamacin ajalinsa ne ya zo? Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa Sayyidina Umar (RA) ya nufi Sham, da ya isa Sarga aka gaya masa annoba ta ɓarke, ya yi shawara, ya juya da jama'a. Abu Ubaida (RA) ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi. Umar ya nuna masa cewa wurin da suka juya suka nufa shi ma ƙaddarar Allah ne, ya buga masa misali da makiyayin da ya sauka kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe, duk wanda ya zaɓa da ƙaddarar Allah ya zaɓa. Shin fasinjan da ya yi mini dariya ya fi Umar tawakkali ne? Kuma abin mamaki, mutumin nan da ke cewa in kwana ya ƙare shi ke nan, ka dubi yadda ya ɗaure buhunsa da igiya, ya lulluɓe shi da leda kada ruwa ya taɓa. Buhu an yi masa riga, ɗansa kuwa babu rigar ruwa. Ashe ya san sababi sarai, a kan dukiya ne kawai yake aiki da shi. Wannan shi ne ainihin abin da Rashi ya gani a jerin maganar mutanen Gad.

Sai dai adalci ya sa in faɗi ɗaya gefen, kuma shi ma malaman Yahudawan sun taɓo shi. A sura ta 32 ta Littafin Farawa an ce Annabi Yaƙub (AS) ya hayar da iyalinsa wani rafi da dare yana tsoron haɗuwa da ɗan'uwansa, sannan aka same shi shi kaɗai a ɗaya hayin. Abin da ya biyo baya a labarin ba na shigarsa, domin akwai abin da aƙidarmu ba ta karɓa. Amma Talmud, babban littafin fiƙihunsu, ya ce ya koma ne ɗauko wasu 'yan tuluna da ya manta, kuma suka ce mutanen kirki suna darajanta ɗan abin da suka mallaka saboda ba sa miƙa hannu ga haram. Wannan ya tuna mini da matar da ta ci bashi ta sayi buhu biyu na albasa. Idan ka ce mata ta bar buhun ta ceci rai, za ta ce maka buhun nan shi ne abincin 'ya'yanta na wata guda. Ba ta yi ƙarya ba. Haka manomin da ya gudu daga 'yan bindiga a ƙauyukan Shanga ko Ngaski, sannan ya saci jiki ya koma kwance shanun hudarsa. Wanda bai taɓa kwana da yunwa ba kada ya yi saurin kiransa wawa. Amma a lura da abu biyu. A labarin nasu, iyali aka fara hayarwa kafin a tuna da tuluna. Sannan a wannan wuri dai Talmud ɗin ya ciro darasin cewa kada malami ya fita shi kaɗai da dare.

Saboda haka kaifin maganata ba a kan matar albasa yake ba, ita da ba ta da wani jirgin da za ta hau. Yana kan mai jirgin da ya san iyakar abin da katakonsa zai ɗauka, ya san tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968 akwai kututturan itatuwa a ƙarƙashin ruwan nan, amma ya ƙara babur saboda kuɗinsa ya fi na mutum. Yana kan shugabannin tasha da ke karɓar kuɗin lodi su kau da kai. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, ta sha nanata hana tafiyar dare da wajabta rigar ruwa, amma doka ba ta tsayawa da ƙafarta a bakin kogi, sai an samu mai tsayar da ita.

Kuma yana kanmu, mu malamai, har da ni. A zaman makoki mun iya wa'azin haƙuri, kuma wa'azi ne mai kyau. Amma sau nawa aka ji liman ya hau mumbari a garin da ke bakin ruwa ya karanta wa masu jirage babin haya? Shehu Dardiri, a Aƙrabul Masalik, littafin da ke cikin zaurukanmu, ya bayyana cewa idan aka ji tsoron nutsewa ya halatta a zubar da kaya a ruwa don a tsira, a fara da mafi nauyi, a raba asarar a kan kayan fatauci, amma ba a jefa ɗan Adam ko wane ne shi. Malaman Malikiyya sun riga sun yi lissafin buhu da mutum tun ƙarnuka da suka wuce. Aya ta 195 ta Suratul Baƙara ta hana jefa kai ga halaka, aya ta 32 ta Suratul Ma'ida kuwa ta daidaita raya rai guda da raya mutane duka, kuma ita kanta ayar ta ce a kan Banu Isra'ila aka fara rubuta wannan hukunci. Su ma malamansu sun fahimci aya ta 5 ta sura ta 18 a Littafin Firistoci da cewa dokoki an ba da su don a rayu da su, har suka wajabta karya hutun Asabar, wanda suke tsananta shi matuƙa, idan rai na cikin haɗari. Mu kuwa abin da aka nema mu karya bai wuce lodi ɗaya na ranar kasuwa ba.

Baba, wannan ita ce amsar da na yi maka alkawari. Idan har yanzu sunan Rashi na damunka, na yarda a goge shi daga darasin, a bar Dardiri shi kaɗai. Sharaɗina guda ne: ranar kasuwa mai zuwa ka zo mu tafi tasha tare, kai da furfurarka ni da littafin, mu tsaya inda ake ɗora babura. Ni kaɗai na gwada, dariya aka yi mini.

Allah Ya jiƙan waɗanda ruwa ya ci, Ya ba iyalansu haƙuri. Wassalamu alaikum.