Uban Amarya da Tsadar Biki

Rasuwar Diane Keaton a watan Oktoba na 2025 ta sa mutane a Amurka sun sake waiwayar fim ɗin Father of the Bride na 1991, inda ta fito a matsayin uwar amarya tare da Steve Martin. Amma 'yan'uwa, wannan maimaici ne. Na asalin ya fito tun 1950, Vincente Minnelli ne ya shirya shi daga littafin Edward Streeter, kuma a ganina ya fi na baya nauyi.

Spencer Tracy ne uban, wani lauya mai suna Stanley Banks, Elizabeth Taylor kuma 'yarsa Kay. A al'adarsu uban amarya ne ke ɗaukar ɗawainiyar biki. Stanley ya so a yi abu ƙarami, amma matarsa, wadda ba ta samu babban biki a majami'a ba lokacin nata auren, ta so 'yarta ta samu. Sunayen baƙi suka yi ta ƙaruwa, kuɗi na zurarewa, har ya kai ga yi wa 'yarsa tayin dala 1,500 su gudu da saurayin su ɗaura aurensu a ɓoye. Mai kallo zai yi dariya, amma uban da ya taɓa cin bashi domin kayan ɗaki da gara, dariyarsa ba za ta yi nisa ba.

Inda fim ɗin ya fi taɓa ni shi ne ƙarshensa. Ranar biki gida ya cika maƙil, Stanley na ta kutsawa cikin taron baƙin da ya ciyar, har amarya ta tafi bai samu yin sallama da ita ba. Sai daga tashar jirgin ƙasa ta bugo masa waya. Mu da muke koyar da masu shirin aure a ikilisiya mun san wannan: ana ba tela da mai abinci makonni, darasin aure kuwa a roƙi a gajarta shi.

Akwai kuma abin da ya faru a waje. Elizabeth Taylor, tana da shekara 18, ta auri Nicky Hilton a watan Mayu na 1950, gab da fitowar fim ɗin, kamfanin MGM kuma ya mai da bikin tallar hajarsa. A watan Janairu na 1951 auren ya mutu.