Ungulu Ba Ta Jewar Banza

Ya 'yan'uwa ɗalibai, akwai waɗanda in suka ji an ce wane yana nazarin tsuntsaye sai su bushe da dariya, wai aikin marasa aikin yi ne. To, muna tambayarsu: yaushe rabonsu da ganin ungulu a kwata?

Bincike ya tabbatar ƙwai ɗaya tak ungulu take sakawa a sheƙarta, saboda haka in aka kashe ɗaya sai a daɗe ba a mayar da gurbinta ba. Amma ga kawunanta nan a kasuwanninmu, ana sayar wa bokaye da masu neman sa'a. Tun 2015 ƙungiyar IUCN ta sa ungulun nan tamu cikin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa.

Mu dubi abin da ya sami Indiya. Wani maganin shanu, dikilofenak, ya hallaka fiye da kashi 90 cikin 100 na ungulayensu. Mushe ya rasa mai ci, karnuka suka yawaita, ciwon haukan kare ya ƙaru. Masu binciken da ake yi wa dariya su ne suka gano musabbabin, har gwamnati ta hana ba dabbobi maganin a 2006.

Mu fa? Akwai cibiyar nazarin tsuntsaye ta Leventis a Jos, amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Lalle ne jami'o'inmu su tura ɗalibai ƙidayar sheƙuna, ma'aikatan gandun daji kuma su shiga kasuwanni su hana wannan ciniki. In muka yi sake, mu za mu kwana da warin mushen.