Ƙera Ƙananan Jiragen Ruwa na Katako: Da Kwalekwale Ake Farawa

 

A wannan watan zan ɗan fitar da mu daga kicin da ɗakin ɗinki, mu leƙa wani aikin hannu da ba mu saba jin labarinsa ba, wato ƙera ƙananan jiragen ruwa na katako, irin waɗanda ake ɗorawa a kan kabad don ado. Na san wata za ta ce, "Malama, mu da ko teku ba mu taɓa gani ba, ina ruwanmu da jirgin ruwa?" Ki ɗan yi haƙuri ki biyo ni. Duk gidan da ke da yaron da yake kwance rediyo don ya ga abin da ke cikinta, ko yarinyar da ba ta gajiya da yanke-yanken kwali, maganar nan ta shafe shi. Yayyenmu maza sun taso suna ƙera motar kara da ta langa-langa a ƙofar gida. Yau wannan ya yi ƙaranci, kuma hannun yaro in ba a ba shi abin yi ba, wayar salula ce za ta cinye masa yini.

Daga ina abin ya samo asali?

Aikin tsoho ne ƙwarai. A shekarar 1920 masu tonon kayan tarihi suka buɗe wani ɓoyayyen ɗaki a kabarin wani babban bafade mai suna Meketre, kusa da garin Luksor na ƙasar Masar. A ciki suka tarar da ƙananan jiragen katako masu shekara kusan 4,000, har da na kamun kifi da na dafa abinci. An raba su tsakanin Masar da gidan tarihi na Metropolitan da ke birnin New York.

A Ingila kuwa, tun a ƙarni na 17 ƙwararru suke ƙera ƙananan kwafin jiragen yaƙin sarki, ba sa barin ko taga ɗaya. Har yau gidan tarihin harkokin teku na Greenwich a Landan yana riƙe da tarin irinsu. Wani abin mamaki kuma shi ne na fursunonin yaƙin Faransa da aka tsare a Ingila tsakanin 1793 da 1815. Ba su da katako mai kyau, sai suka riƙa tara ƙasusuwan naman da ake ba su, suna gogewa suna ƙera jirage da su, suna sayarwa don su sami na kashewa. Wasu daga cikin jiragen nan na ƙashi suna gidajen tarihi har gobe.

A zamanin nan abin ya zama aikin sha'awa na dubban mutane, musamman a Turai da Amurka. Akwai kamfanonin da ke sayar da akwati mai ɗauke da katako yankakke da zare da zanen aiki, mutum ya haɗa da kansa, irin su Amati na Italiya, Billing Boats na Denmak, OcCre da Artesanía Latina na Sifen, da Model Shipways na Amurka.

Ramin da masu koyo suke faɗawa

A nan ne zancen nawa yake. Mai koyo yakan ga hoton wani katafaren jirgi mai filafilai rututu, ransa ya biya, ya ce shi wannan zai fara da shi. Wanda aka fi ruɗuwa da shi shi ne HMS Victory, jirgin yaƙin Ingila da aka saka a ruwa a 1765, wanda ya yi yaƙin Trafalgar a 1805, yake kuma ajiye a garin Portsmouth. A lokacin yaƙin Trafalgar jirgin nan yana da igwa 104, filafilai 37, igiyoyinsa kuwa in an miƙe su za su kai tsawon mil 26. To, mai ƙera kwafinsa sai ya yi kowace igwa da ɗan kekenta, ya ɗaura kowace igiya a gurbinta. Ƙwararru ma sukan shekara biyu ko uku a kansa. Me kike zato zai faru da ɗan shekara 12 da bai taɓa lanƙwasa katako ba? Bayan mako uku zai tura akwatin ƙarƙashin gado, kuɗi sun tafi, kuma abin da ya fi kuɗin ciwo shi ne yaron ya ɗauka shi ba ya iya komai.

Da rarrafe yaro kan tashi. Shawarar da tsofaffin masu wannan aiki suke bai wa kowane sabon shiga ɗaya ce: a fara da ƙaramin kwalekwale mai shimfiɗaɗɗen ƙasa, wanda za a gama cikin 'yan makonni. Kamfanin Model Shipways ma haka ya tsara wa masu koyo, hawa uku. Na farko kwalekwalen masunta ne da ake kira dory, wanda aka riƙa kamun kifi da shi a tekun gabashin Kanada, ba shi da filafili, katakai kaɗan ne a kowane gefe. Na biyu ƙaramin jirgi ne mai filafili irin na ƙasar Norwe. Na uku ne ake shiga jirgi mai daɓe da igiyoyi da ɗan yawa. Kowane hawa yana koya wa hannu abin da zai buƙata a na gaba. Ƙaramin kwalekwalen da aka kammala ya fi katafaren jirgin da aka yasar a rabi.

Yadda ake yi, daki-daki

Da farko akwai ma'auni. In kika ga an rubuta 1:24, ana nufin kowace santimita 1 ta ƙaramin jirgi tana wakiltar santimita 24 ta jirgin gaske. Ke nan kwalekwale mai tsawon mita 6 zai dawo santimita 25. Ki bar yaro ya yi wannan lissafin da kansa, za ki ga rabawar da take ba shi wuya a aji ta zauna masa.

Sai ƙwarangwal. Jirgi kamar jikin dabba yake: akwai dogon katako ɗaya a ƙasa, shi ne ƙashin baya, sai waɗanda ake jerawa a kansa a tsaye, su ne haƙarƙari. Dole kowane haƙarƙari ya tsaya cak, kada ya karkata. Bayan gam ya bushe sai a goge gefunansu da samfefa, har sai in an ɗora siririn katako ya kwanta lamɓas a kan dukkansu, ba tudu ba kwari. Wannan gugar tana da gundura, shi ya sa masu koyo suke tsallake ta. Amma Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Duk tudun da aka bari a nan sai ya fito a jikin jirgi.

Sai rufe jiki da siraran katakai, wanda shi ne mafi wuya. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, to a nan ma busasshen katako karyewa yake. Ana jiƙa shi a ruwan ɗumi kamar minti 20, a lanƙwasa shi a hankali da zafin dutsen guga ko a jikin gwangwani, a maƙale shi a gurbinsa da abin maƙale shanya, a bar shi ya bushe sarai kafin a sa gam. In aka manna shi da danshi, zai tsuke in ya bushe ya bar kafa. Kuma ana sa ɗaya a dama, ɗaya a hagu. Wadda ta gama gefe guda kafin ta koma ɗayan za ta tarar jirgin ya murɗe.

Ga wata dabara da duk mai ɗinki za ta gane nan take. Cikin jirgi ya fi goshinsa faɗi, don haka katakan ba za su tafi da faɗi ɗaya ba. Ki auna haƙarƙarin tsakiya da 'yar takarda. A ce kin sami milimita 60, katakanki kuma faɗin milimita 5 ne, ke nan guda 12 za su shiga. Ki auna na kusa da goshi, a ce 42 ne. Ki raba 42 gida 12, ya ba ki 3.5. To kowane katako sai an fere shi ya koma milimita 3.5 a wannan wurin. Daidai yake da yadda ake tsuke siket mai fallaye a wajen ƙugu.

Daga ƙarshe sai igiyoyi, ga jirgin da ke da filafili. Iri biyu ne. Waɗanda ke riƙe da turakun filafili ba sa motsi, ana yin su da baƙin zare, domin a jirgin gaske kwalta ake shafa musu. Waɗanda ake ja a ɗaga filafili ko a sauke kuwa ana yin su da zare mai ruwan ƙasa-ƙasa. Ana fara ɗaura baƙaƙen, kuma daga tsakiyar jirgi ake fitowa waje, don kada hannu ya riƙa tsinka abin da aka riga aka ɗaura. Ki ja zaren a kan kakin zuma tukuna, gashinsa zai kwanta. A wannan matakin uwar da ta iya saƙa da kwalliyar hula ta fi kowa a gidan hannu. Kada ma ki ɗauka ɗinki baƙo ne a harkar jirgi. Tsofaffin jiragen Larabawa ɗinke katakansu ake yi da igiyar ɓawon kwakwa. A ƙasar Oman an sake gina irinsu guda, mai suna Jewel of Muscat, ba ƙusa ko ɗaya a jikinsa, ya kuma yi tafiya har Singafo a 2010.

Kayan aiki

Ba sai an yi odar akwati daga waje ba kafin a soma. Kwalekwalen farko zai samu da guntayen falanki marar kauri daga wurin kafinta, sandunan askirim, tsinken tsire, tsinken sakace, farin gam na kafinta, samfefa mai laushi da mai kaushi, rula, fensir, zaren ɗinki da 'yar wuƙa mai kaifi. Zanen kwalekwale mai sauƙi kuwa ana samu a intanet, ko a zauna da yaro a zana daga hoton irin na masuntanmu na Yawuri ko Tafkin Chadi. Abin da zai ba ki sha'awa, biyu daga cikin katakan da masu wannan aiki a Turai suke amfani da su daga dazukan Afirka ta Yamma suke fitowa: obeche, fari mai laushi mai sauƙin yanka, da sapele, ja mai kyan gani, wanda ya samo sunansa daga garin Sapele na Jihar Delta. Ki sa a tambaya miki a 'yan katako.

Wata za ta tambaya game da hukuncin sassaƙa. Jirgi ba abu ne mai rai ba, don haka maganar sassaƙa siffar mai rai ba ta hau kansa ba. Sai dai wasu tsofaffin jiragen Turawa suna da mutum-mutumi a goshi. In aka kai nan, sai a bar gurbin ko a sa zanen ganye.

A kula

Yanka da wuƙa aikin babba ne har sai yaro ya yi hankali, kuma a koya masa ya riƙa tura kaifi nesa da jikinsa. Gam mai kamawa nan take, wato sufa gulu, yana manne yatsu, kuma haɗari ne ga ido, gara a tsaya ga farin gam. Ƙananan guntaye a tattara su a gwangwani mai murfi saboda masu rarrafe. Jirgin da aka gama a shafa masa fenti ko banish, a nisanta shi da rana, a rufe shi lokacin hunturu, domin bushewar iska tana tsaga katako, ƙura kuma in ta shiga igiyoyi fitar da ita aiki ne.

Naki aikin, uwargida

Ki ware musu wuri, ko da tire ne babba da za a ɗaga a ɗora a kan kabad in an tashi. Ki sa lokaci, kamar rabin awa bayan an dawo daga makaranta an huta, ko safiyar Asabar. Aikin da kansa yana tilasta jira, tunda gam ba ya bushewa don ana sauri. In katako ya karye, kada ki karɓe ki yi masa, ki miƙa masa wani ya sake. Kada kuma a ce aikin maza ne a kori 'yan mata, ko ke kanki ki ji nauyin zama ki gwada. In kwalekwalen farko ya fito a ɗan karkace, a rubuta kwanan wata a ƙasansa a ajiye shi a falo inda baƙi za su gani. Ranar da aka gama na biyu, a jera su tare, yaron da kansa zai ga tazarar da hannunsa ya yi. Sannu ba ta hana zuwa.

Wadda ta gwada da 'ya'yanta ta rubuto mana yadda ta kaya, da inda aka sami cikas, don sauran 'yan uwa su ƙaru. Sai mun haɗu a wata mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.